Ranar da Na Goge Garba Ɗan-Hassi

Kusan kowane mako sai wani a cikinku ya shigo shagona da kwamfuta a jaka, mu gaisa, ya leƙa abin da nake yi, sannan ya ce, cikin ladabi dai, wai wannan tsohuwar manhaja zubarwa ta kamata, shi a sati biyu zai rubuta mana sabuwa. Ba na jin haushi. Nakan sa a kawo masa ruwan sanyi, domin na san rana ce ta buge shi. Amma kun yawaita, bakina kuma ya gaji da maimaita magana ɗaya. Bari in rubuta ta sau ɗaya, wanda ya zo in miƙa masa takarda in ci gaba da aikina.

Ni Sahabi, karatuna bai wuce sakandare ba. Da dillancin injin ban-ruwa na fara a nan Talata Mafara: in sayi wanda ya mutu a hannun mai shi, in buɗe, in canza abin da ya ci, in sayar wa wanda bai iya sayen sabo. Daga injin na ƙara da tiyo, daga tiyo na ƙara da wayoyi, daga nan tsofaffin kwamfutoci. Duk rayuwata abin da wani ya riga ya mora nake taɓawa. Ban taɓa ƙera komai daga farko ba, ban kuma ga abin kunya a ciki ba.

Manhajar da kuke rainawa ta wata ƙungiyar manoman rani ce, waɗanda gonakinsu suka miƙe daga gefen Mafara zuwa wajen Bakura, kaɗan kuma ta hanyar Maradun. Aikinta a baki ɗaya ne: raba ruwan kanal. Ita ke faɗin wane manomi zai samu ruwa, wace rana, awa nawa, ta wace ƙofa. Tana tura wa kowa saƙo a waya, kuma duk Asabar tana fitar da takarda wadda masu buɗe ƙofofin ruwa suke bi layi-layi. Mutum biyar suka yi aiki a kanta kafin ni. Na farko da Turanci yake sa wa abubuwa suna. Na biyu da Hausa. Na uku, ga alama, cikin fushi yake rubutu, don akwai wurin da ya sa wa abubuwa uku suna "abu", "abu kuma", da "abu na gaske". Na huɗu ba ya sharhi ko kaɗan, sai wuri ɗaya da ya rubuta "kada a taɓa", bai ce don me ba.

Ta biyar ita ce Malama Rabi, 'yar Bakura, wadda ta koya mini. Caja ta zo saya a shagona, ta tarar na warware wani inji a kan tabarma, na jera ƙusoshi da zobbansu bi da bi yadda na ciro su. Ta tsaya tana kallo har na mayar da su duka, ba saura ko ɗaya a hannuna. Ta tambaye ni ko kullum haka nake yi. Na ce in ba haka ba ai sai ka gama ɗaurewa ka ga ƙusa biyu suna kallonka. Ta ce an yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa Sakkwato, nan da shekara za ta tafi, kuma tana neman wanda za ta bar wa wata tsohuwa mai rigima. Na ɗauka kakarta take nufi.

Wata shida na yi ina koyon harshen da aka rubuta manhajar da shi, da rana ina sayar da tiyo, da yamma ina gabanta. Da na fara ganewa, na zaci za ta ba ni gyara. Sai ta buga mini rubutun manhajar gaba ɗaya a takarda, ya cika kwalin taliya biyu, ta haɗa mini da biro da littafi. Wata uku ban taɓa ko harafi ɗaya ba, karatu kawai. Dokarta ita ce, duk layin da na ga kamar ba shi da amfani, in rubuta shi a littafi, sannan in fita in nemo wanda layin yake yi wa aiki. In na rasa, in sake nema.

Layin farko da na kai mata ƙara, wani ne da ke hana a ba mutanen ƙofa ta biyu ruwa ranar Talata. Na ce wannan asarar rana guda ce cur, a cire. Ba ta yi gardama ba, ta ce mu haɗu a ƙofar ranar Talata da hantsi. Muka je. Ba kowa a gonakin sai wata akuya da ta kuɓuce. Mutanen wannan ɓangare duk 'yan kasuwa ne, suna can cikin kasuwar Mafara tun safe. Da an saki ruwa, akuyar ce za ta tare shi ta raba wa fangali. Malama ta ce in rubuta a gefen layin, cikin manhajar, abin da na gani. Na rubuta: "Talata kasuwa. Ba kowa sai akuya." Yana nan har yau.

Aikin farko da ta bar mini ni kaɗai ya zo bayan dawowar alhazai. Manoma shida sun sauke farali, suka aiko a gyara musu suna, saƙo ya riƙa zuwa da Alhaji a gaba. Na ce wannan ai wasa ne. Minti biyar na liƙa wa kowa Alhajinsa. Asabar takarda ta fito, sai ga su shida a sahun gaba, su ke fara samun ruwa kafin kowa, domin ashe da jerin haruffa manhajar take jera mutanen kowace ƙofa. Wani Zubairu a cikinsu, wanda tun kafa ƙungiyar shi ne na ƙarshe, ya wayi gari kusa da na farko, ya riƙa faɗa wa mutane albarkar Makka ce ta fara sauka. Kafin mako ya zagayo mutum goma sha ɗaya sun zo sun ce su ma alhazai ne. Ɗaya ya ce yana goye aka je da shi. Malama ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa na zauna na ware wa laƙabi gurbinsa daban, suna gurbinsa daban, na bi duk wurin da ake amfani da suna na tabbatar kowanne ya ɗauki abin da ya dace. Gyaran minti biyar ya ci mini kwana tara. Zubairu bai gaishe ni ba har damina.

Kayan aikina ba su da yawa. Kwamfuta tsohuwa wadda roba ke riƙe da batirinta. Filas biyu na ajiye kwafi, ɗaya a shago, ɗaya a gida, don wuta ko ɓarawo kada su same su tare. Sola a kan rufi. Firintar ofis, wadda ba ta jan takarda sai an ɗan mare ta ta gefen hagu. Kwafin gwaji, wato manhajar sak amma wadda ba ta tura wa kowa saƙo, inda nake yin ɓarnata ba mai sani. Sai babur da takalmin roba, waɗanda su ne rabin sana'ar, ko da yake ba za ku yarda ba.

Masu ba da aiki kuwa iri-iri ne. Akwai shugaban da ya tara mu taro guda don a canza launin allo ya koma kore, wai shuɗi yana sa shi barci. Akwai manomin da ya kawo mini zakara don in ƙara masa awa ɗaya. Na ce ba ni da iko, na mayar masa. Ya koma gida ya kawo wanda ya fi girma.

To, ga mummunar shekarar. Malama ta tafi, aka kuma zaɓi sabon shugaba, Alhaji Mu'azu, mutum mai son tsafta da tsari, wanda yakan goge kujera kafin ya zauna ko a gidansa ne. Ya ce rajistar manoma ta cika da shara: mamata, waɗanda suka sayar da gona, da waɗanda aka rubuta sau biyu. In share. Na zauna na bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, ina kira, ina aikawa unguwanni a tambaya. Aiki ya tafi daidai har na iso kan wani Garba Ɗan-Hassi.

Ba shi da lambar waya. Ba hoto. Ba unguwa. Gurbin girman gona ba komai a ciki. Amma duk Alhamis yana da awa uku cur a ƙofa ta huɗu, alhali masu eka biyu awa ɗaya da rabi suke samu. Na tambayi sakatare, bai san shi ba. Na tambayi manoman ƙofa ta huɗu, ba wanda ya taɓa ganinsa. Nan jinin dillanci ya motsa. Na shekara ashirin a kasuwa, na san kamannin cuta: wani babba ne ya ƙirƙiri suna yana karkatar da ruwa gonarsa. Na kai wa Alhaji Mu'azu, ya buga tebur, ya goge wurin da ya buga, ya ce a cire shi yau. Na cire. Manhaja ta raba awa ukun ga sauran manoma, kowa ya samu ƙarin 'yan mintuna. A taro aka yaba mini, har aka yi tafi.

Abu biyu ban yi ba. Ban buɗe rubutun manhajar na duba ko akwai wurin da ya ambaci mutumin ba, rajista kawai na kalla. Ban kuma hau babur na je na tambayi wanda ke buɗe ƙofar ba.

Mai buɗe ƙofa ta huɗu shi ne Baba Jatau, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, wanda bai taɓa saɓa wa takarda ba ko da minti ɗaya. Abin da takarda ta ce shi yake yi, abin da ba ta ce ba babu shi. Da ya ga takardar Asabar ta fito ba sunan Garba, bai zo ofis ya tambaya ba. A saninsa abu ɗaya ke cire mutum daga takarda. Bayan sallar la'asar ya miƙe a masallacin unguwarsu ya sanar cewa Allah ya yi wa Malam Garba Ɗan-Hassi rasuwa, a yi masa addu'a. Aka yi. Wasu suka ce sun ji dai ba ya da lafiya.

Mako bai cika ba sai ga mutum biyu a ofis rana ɗaya, kowa ya ce shi ƙanin marigayi ne, ya zo a mayar da awa ukun da sunansa. Na raba su, na tambayi kowa kamannin yayansa. Na farko ya ce dogo ne, siriri, mai kunya. Na biyu ya ce gajere ne mai ƙiba, amma ya yarda da maganar kunyar. Da na haɗa su suka kalli juna, sai suka daidaita cewa uwa ɗaya ce ba su haɗa ba, shi ya sa kowa yake ganinsa daban. Na sallame su. Har a lokacin dariya kawai nake, ina ƙara gamsuwa cewa na toshe wata ɓaraka.

A mako na uku, tsakiyar bazara, shanu suka sauko. Garke guda, da rana tsaka, suka ratsa gonar albasar Hajiya Asabe suka nufi kanal suka sha ruwa, suka koma ta inda suka zo. Washegari suka maimaita. Shekaru ba a ga haka ba a wannan ɓangare. Hajiya Asabe ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ta cika daro da albasar da aka tattake, ta ɗauko da kanta, ta dire a kan teburina, a kan allon rubutun kwamfutar, ta gaishe ni da kyau, ta tambayi iyali da gajiya, ta fita.

Ranar Asabar aka kira taro. Ba wanda ya san abin da ya haɗa shanu da kwamfuta, ni ma ban sani ba, kuma na faɗi haka. Alhaji Mu'azu ya ce, "Sahabi, ni ban san kwamfuta ba. Abin da nis sani, kahin ka taɓa ta shanu ba su cin albasa." A gefensa akwai wasu samari biyu masu kamfani daga Gusau, da riguna iri ɗaya, waɗanda suka daɗe suna zawarcin aikin. Irin maganarku suka zo da ita: a zubar, sati biyu. Aka yanke cewa ina da zuwa Alhamis. In shanu sun sake shiga gonar kowa bayan ranar, in miƙa makullin ofis da filas ɗina ga samarin.

Lahadi na rufe shago na ɗauko kwalayen taliya. Na bi duk abin da na canza a wata guda, ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙarshe zuwa baya. Launin allo ba ya kiran shanu. Gyaran lambar waya ba ya kiran shanu. Da na iso kan sunayen da na cire, sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na sa kwamfuta ta nemo mini "Hassi" a cikin rubutun manhajar kanta. Sunan manomi ba shi da abin yi a can, wurinsa rajista. Sai ga shi ya fito wuri bakwai. In Garba ne, kada a tura saƙo. In Garba ne, kada a nemi girman gona. In Garba ne, kada a kira shi taro. In Garba ne, kada a rage masa lokaci ko ruwa ya yi ƙasa. Duk wanda ya tarar da shi cikin magabatana ya kauce masa, ya ƙara masa katanga. Wurin nan da na huɗu ya rubuta "kada a taɓa", a kansa yake.

Litinin da safe na sa takalmin roba na tafi ƙofa ta huɗu. Muka gaisa da Baba Jatau, gaisuwa mai tsawo, har ya yi mini ta'aziyya. Na tambaye shi in lokacin Garba ya yi, ina yake sakin ruwan. Ya nuna mini wata 'yar ƙofa a gefe, wadda ciyawa ta kusan rufewa. Na tambaye shi ko ya san mutumin.

"Ban taɓa ganin shi da ido ba," in ji shi, "amma mutumin kirki na. Shekara goma sha ɗaya ina buɗe mai ruwa, bai taɓa zuwa ya yi man gardamar minti ɗaya ba. Cikin manoman ga duka, wa ka iya hakanga?"

Na bi 'yar kwatar da ta fita daga ƙofar da ƙafa. Ta bi bayan gonaki, ta ratsa ƙarƙashin hanya, ta wuce wata tsamiya. Ina jiran in ga gonar ɓarawon, kore shar. Bayan tafiyar kusan rabin awa kwatar ta ƙare a wani tafki a bakin burtali, ya bushe ya tsattsage, sawun kofato ko'ina.

Talata na sami Ardon rugar da ke wajen a kara, kasuwar shanu. Ya ce tun zamanin wani tsohon shugaba aka yi yarjejeniya a baki: ƙungiya ta riƙa cika musu tafkin sau ɗaya a mako, su kuma shanunsu ba za su sauka kanal ba. Da tafki ya ƙafe sun ɗauka an fasa ne. Ya ce, "Mu ba mu son albasa, Malam. Shanun ma ba don daɗi suke ci ba. Kwana huɗu ke nan ba a sayi nonon gidana ba, an ce wari yake." Daga nan sauran ya fito da kansa. Manhajar farko mutane kawai ta sani, ba ta da gurbin tafki. Wanda ya rubuta ta, maimakon ya faɗaɗa ta, sai ya ƙirƙiri manomi ya ba shi awa uku. Na kira Malama Rabi a waya na faɗa mata. Ta ce ita ma ba ta taɓa sanin ko wane ne ba, ta dai ga katangun da aka yi masa ta san ba a gina su don ado ba. Ta tambaye ni ko har yanzu ina da littafin nan. Na ce ina da shi. Ta ce ta ɗauka na sayar.

Za ku ce ai sai a mayar da sunan. Haka na ce ni ma. Kwafin da nake da shi na kafin gogewa ya tsufa da mako uku, in na dawo da shi duk gyaran da aka yi a tsakani ya tafi. Na ce to in sake yi masa rajista. Amma shekaru bayan an shigar da Garba, wani a cikin magabatana ya ƙara doka: ba a karɓar sabon manomi sai da lambar waya da hoton fuska. Alhaji Mu'azu, wanda ya biyo ni kara, ya ce tunda ruwan na shanu ne, a ɗauki hoton shanun. Ina faɗa muku gaskiya, mun gwada. Ardo ya riƙe mana wani bijimi fari, shugaban ƙungiya da babbar riga yana ce masa ya ɗago kai, ni ina ɗauka. Manhaja ta ce ba ta ga fuska ba. Muka sake da wata saniya mai sauƙin kai, ta sake ƙi. Ɗaya daga cikin ƙannen marigayi, gajeren, yana cikin 'yan kallo. Ya matso ya ce a ɗauki tasa, ai suna kama.

A nan na tsaya. Ko da bijimin ya shiga, na bar wa na bayana tarko ya fi wanda na tarar, domin wata rana wani mai tsafta zai buɗe rajista ya ga manomi da ƙaho. Na koma shago na ɗauki hanya mai tsawo. A kwafin gwaji na koya wa manhajar cewa mai karɓar ruwa iri biyu ne: mutum, da wuri. Wuri ba ya buƙatar waya, ko hoto, ko gayyatar taro. Na bi katangun nan bakwai ɗaya-ɗaya, ina cire "in Garba ne" ina sa "in wuri ne", kuma duk wanda na canza sai na tsaya na gwada kafin in taɓa na gaba. Sunan da za a buga a takarda na ajiye shi wuri ɗaya tak. Sannan na sa tsohon kwafi da sabon gyara kowa ya fitar da rabon ruwa na shekara guda, na jera su gefe da gefe ina bi da biro. Sau biyu suka saɓa, sau biyu laifina ne. Yammacin Laraba suka zo daidai, layi da layi. Na je ofis na mari firinta ta fitar da sabuwar takarda. A layin Alhamis, ƙofa ta huɗu, ƙarfe bakwai zuwa goma, an rubuta: Mashayar shanu.

Alhamis da safe kowa ya hallara a ƙofar. Alhaji Mu'azu, Hajiya Asabe, Ardo, samarin Gusau da rigunansu. Can nesa a bakin burtali ana hango garken, makiyaya suna tare su da sanda, su kuma sun juyo da kai wajen kanal. Na miƙa wa Baba Jatau takarda. Ya sa tabarau, ya bi da yatsa a hankali, ya ninke ta ya miƙo mini.

"Wanga lokaci na Garba na. Ba ni ba kowa ruwan mamaci."

Na yi masa bayani. Na ce Baba, babu wani Garba, ba a taɓa yin sa ba, suna ne kawai aka sa don tafki. Alhaji Mu'azu ya maimaita masa da muryar shugabanci. Ardo ya sa baki. Baba Jatau ya saurare mu duka har ƙarshe, sannan ya ce shi dai ya san shekara goma sha ɗaya yana yi wa mutum aiki, kuma an yi masa addu'a a masallaci gaban jama'a, yanzu don ba shi da mai tsaya masa za a ce ba a taɓa yin sa ba. Ya zauna a kan makullin ƙofar. Na ciro biro zan ƙara rubutu a takardar, ya ce shi rubutun hannu ba takarda ba ne.

Ƙarfe bakwai da kwata. Ɗaya daga cikin shanun ta kuɓuce wa makiyayi ta fara gangarowa, Hajiya Asabe ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu ta nufi bakin gonarta. Na hau babur.

Ofis tafiyar minti goma sha biyu ne. Da a tsohon tsari ne, da sai na bi wuri bakwai ina addu'a. Yanzu wuri ɗaya ne. Na canza layi guda, na gwada, na mari firinta, na juyo. Na tarar samarin Gusau sun shiga cikin masu korar saniya, ɗaya ya rasa takalmi a taɓo. Alhaji Mu'azu yana tambayar ɗayan, in sun rubuta sabuwa a sati biyu, wa zai faɗa musu wurare irin wannan guda nawa ne a ciki. Saurayin ya ce ai za a rubuto musu duka a takarda. Alhaji ya tambaye shi wa zai rubuto, tunda shi kansa shugaba ran Talata ya sani. Ya juyo ya ce mini in riƙe makullina.

Na miƙa wa Baba Jatau sabuwar takardar. Layin ya koma: Ruwan Garba Ɗan-Hassi, a kai mashayar shanu. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge ido da bakin riga.

"Ashe wasiyya ya bari," in ji shi. "Na hwaɗa muku mutumin kirki na."

Ya tashi daga kan makullin, ya yi bismilla, ya murɗa.